Hankali Ke Gani, Ido Gululu Ne: Darasin Binciken Lura Ga Ɗalibin Harshe

Hausawa suna da karin magana guda biyu da ba su cika shan inuwa ɗaya ba. Na farko ya ce gani ya kori ji, wato da zarar ido ya shaida abu, gardama ta ƙare. Na biyu kuwa ya ce hankali ke gani, ido gululu ne. A kasuwa da gaban alƙali da cikin aji, na farkon ne ke riƙe da sarauta: ganau yana gaba da jiyau, kuma wanda ya ce a gabansa aka yi ya rufe bakin kowa. Sai dai binciken da masana halayyar ɗan Adam suka gudanar cikin shekaru saba'in da suka wuce ya fi mara wa na biyun baya. Mutum yana iya kafa wa abu ido da rana tsaka, babu duhu babu shamaki, ya tashi bai gan shi ba, don kawai hankalinsa yana kan wani aiki. Wannan lamari ya shafi ɗalibin kimiyyar harshe kai tsaye, domin kunne da ido su ne jarinsa. Ya kamata sassan da ke horar da shi su gina hanyoyin aikinsu a kan wannan sani, su rage dogaro da "na ji da kunnena".

Gwajin da ya fi shahara a wannan fage shi ne wanda Daniel Simons da Christopher Chabris suka wallafa a 1999, lokacin suna Jami'ar Harvard a Amurka. Sun nuna wa mutane ɗan gajeren bidiyo na ƴan wasa shida, uku cikin fararen riguna, uku cikin baƙaƙe, kowane rukuni yana miƙa wa juna ƙwallon kwando. Aikin mai kallo shi ne ya ƙirga sau nawa rukuni guda ya miƙa ƙwallo. Ana tsakiyar wasa, sai wata mata sanye da kayan goggon biri ta ratsa ta cikin ƴan wasan. A ɗaya daga cikin bidiyoyin ma har ta tsaya ta fuskanci kyamara ta bugi ƙirji kafin ta wuce, ta yi daƙiƙa 9 a fili. Da aka tambayi masu kallo ko sun ga wani abu na daban, kusan rabinsu suka ce ba su ga komai ba. Da aka sake nuna musu bidiyon ba tare da ƙirga ba, sai ga goggon biri ƙuru-ƙuru, har wasu suka yi zargin an sauya musu bidiyo.

Simons da Chabris ba su ne suka share filin ba. Tun cikin shekarun 1970 Ulric Neisser ya yi irin wannan gwaji, inda wata mata riƙe da laima ta ratsa ta tsakiyar masu wasa, akasarin masu ƙirga ba su lura da ita ba. A 1998 kuma Arien Mack da Irvin Rock suka fitar da littafin da ya raɗa wa lamarin suna, sunan da za a iya kira da Hausa makantar rashin lura. Su nasu gwajin a allon kwamfuta ne. Ana haska wa mutum layi biyu da suka giciye juna na tsawon kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, a ce ya faɗi wanda ya fi tsawo. Bayan zagaye biyu ko uku, sai a sako wata ƴar alama kusa da layukan ba tare da gargaɗi ba. Kimanin mutum ɗaya cikin huɗu bai gan ta ba. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, da aka matsar da layukan gefe, aka aza alamar daidai inda idon mutum yake kafe, waɗanda suka kasa ganinta sun haura rabi.

Dalilin haka yana cikin yadda hankali ke raba aikinsa. Abin da ke shiga ido a kowace daƙiƙa ya fi ƙarfin abin da ƙwaƙwalwa za ta iya tantancewa, don haka takan zaɓi abin da ya dace da aikin da ke gabanta, ta danne saura. Gwajin goggon birin ya nuna wannan a fili. Waɗanda ke ƙirga wa masu baƙaƙen riguna sun ga goggon, wanda shi ma baƙi ne, da kashi 58 cikin ɗari. Masu ƙirga wa fararen riguna kuwa kashi 27 kawai, domin hankalinsu ya riga ya yanke cewa duk baƙin abu ba nasa ba ne. Haka kuma, da aka tsananta aikin, aka ce a ware miƙa ƙwallo ta sama da ta ƙasa a ƙirga kowace daban, masu gani suka ƙara raguwa. Wannan ya zo daidai da ra'ayin Nilli Lavie ta Landan, wadda tun 1995 take nuna cewa gwargwadon nauyin aikin da ke kan hankali, gwargwadon ƙarancin abin da zai rage masa na lura da gefe. Taura biyu ba ta taunuwa. Binciken da Daniel Memmert ya yi a Jamus a 2006 da na'urar bin motsin ido ya ƙara wanke ido daga laifi: waɗanda suka ce ba su ga goggon ba sun ɗora idonsu a kansa na kimanin daƙiƙa guda, kamar dai waɗanda suka gan shi.

Wani zai ce wannan ciwon ɗan koyo ne, ƙwararre ya wuce nan. A 2013 Trafton Drew da Melissa Võ da Jeremy Wolfe suka gwada wannan zato a kan likitoci 24 da suka ƙware wajen karanta hoton cikin jiki. An ba su hotunan huhu su nemo ƴan ƙulle-ƙullen da ke iya zama alamar ciwon daji. A cikin hotunan majiyyaci na ƙarshe an dasa hoton goggon biri da ya ninka matsakaicin ƙulli sau 48 a girma. Likitoci 20 cikin 24 ba su gan shi ba, kuma na'ura ta nuna yawancinsu sun dubi wurin da yake. Babu mai cewa waɗannan likitoci ba su iya aikinsu ba. Wajen gano ƙullin sun yi wa waɗanda ba likitoci ba fintinkau. Ƙwarewa tana kaifafa hankali a kan abin da ake nema, kuma ba ta ba da tabbacin ganin abin da ba a nema ba. Farfesan da ya shekara talatin yana nazarin tsarin sauti yana cikin wannan hukunci kamar yadda ɗalibin shekarar farko yake ciki.

Ga mai nazarin harshe, labarin kunne ya fi na ido muhimmanci, kuma shi ne ma ya riga zuwa. A 1953 Colin Cherry ya sanya wa mutane lasifikar kunne, magana daban a kunnen dama, wata daban a na hagu, ya ce su riƙa maimaita ta kunne guda kalma bayan kalma. Daga baya ya tambaye su abin da ya gudana a ɗaya kunnen. Sun lura idan muryar namiji ta koma ta mace. Amma da maganar ta tashi daga Ingilishi ta koma Jamusanci, ba su farga ba. Harshe sukutum ya sauya a cikin kunnen mutum, bai sani ba. A 1959 Neville Moray ya gano cewa ko sunan mutum aka ambata a kunnen da ba ya saurare, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai ke jin sa. A 2012 kuma Polly Dalton da Nick Fraenkel a Ingila suka mayar da gwajin goggon biri na kunne: ana sauraren hirar mata biyu da ta maza biyu a lokaci guda, sai wani namiji ya ratsa yana ta maimaita cewa shi goggon biri ne, har tsawon daƙiƙa 19. Cikin waɗanda aka ce su bi hirar matan, kimanin kashi 70 cikin ɗari ba su ji shi ba. Hausa da kanta ta raba ji da saurare, ta raba gani da kallo. Gwaje-gwajen nan sun nuna cewa saurare mai ƙarfi ga abu guda yana iya toshe jin wani.

Ko a cikin jimla guda ma hankali yana tsallake abin da ke gabansa. A 1976 Alice Healy ta ba masu karatu rubutun Ingilishi ta ce su zagaye wani harafi duk inda suka gan shi. Sun fi tsallake shi a cikin ƙananan kalmomin nahawu da ake yawan maimaitawa, domin mai karatu yana haɗiye irin waɗannan kalmomi ɗungurungum ba tare da duba haruffansu ba. A 1981 Thomas Erickson da Mark Mattson suka tambayi mutane dabbobi nawa daga kowane jinsi Annabi Musa ya ɗauka a jirgin ruwa. Da yawa suka amsa da biyu, alhali sun san sarai jirgin na Annabi Nuhu ne. Hankalinsu ya tafi neman adadi, sunan kuma ya yi kama da wanda ake tsammani, sai ya wuce ba bincike. Duk wanda ya taɓa gyara kundin bincike ya san ɗan'uwan wannan: a karanta shafi sau uku ana bin ma'ana, a bar "kasa" inda ake nufin "ƙasa", ko "bata" inda ake nufin "ɓata".

A nan ne maganar ta iso ƙofar sassan harshe. Ɗalibi ya tafi ƙauye a ƙasar Adar ko Gobir don tattara tatsuniyoyi, burinsa ya nazarci jigo ko zubi. Tsohuwa tana ba da labari tana cewa "sunka tahi", shi kuwa alƙalaminsa yana rubuta "suka tafi". Ta ce "biyat", ya rubuta "biyar". Ta ce "hwaɗi", ya rubuta "faɗi". Bai yi niyyar gyara mata magana ba. Hankalinsa yana bin zaren labari, kuma daidaitacciyar Hausar da ya koya a aji ta cike masa gurbin abin da bai tsaya ya saurara ba. Idan babu naɗin murya, wannan rubutu shi zai shiga kundi, daga kundi ya shiga laburare, bayan shekara goma wani mai nazarin karin harshe ya ɗauke shi hujja cewa Hausar yankin ta fara narkewa cikin ta Kano. Kuskuren da babu wanda ya yi shi da gangan ya zama abin kafa hujja. Matsalar ta ƙara tsanani domin rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. "Kuka" na hawaye da "kuka" na miya rubutunsu ɗaya, haka "gari" na zama da "gari" na tuwo. Abin da alƙalami bai saba rubutawa ba, hankali ba ya saurin nemansa.

Tarihin nazarin Hausa kansa yana da darasi makamancin wannan. Nahawun da James Frederick Schön ya wallafa a 1862 bai nuna karin sauti ba, ko da yake mutumin ya daɗe yana sauraren masu harshen da ƙwazo. Ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934 kuwa ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Hausar ba ta sauya tsakanin littattafan biyu ba. Tambayar da masu nazari ke zuwa da ita ce ta sauya. Wannan ba daidai yake da gwajin daƙiƙa tara ba, domin kunnen da ya tashi da harsunan Turai yana da nasa shingen na daban. Amma tushen guda ne: abin da mai bincike bai sa ran samu ba yana iya daɗewa a gabansa bai shiga littafinsa ba. Babu dalilin zaton cewa masu nazari na yau sun gama jin duk abin da ke cikin Hausar Arewa ko ta Kurhwai ko ta Agadas.

A wajen jami'a, farashin wannan makanta ya wuce kuskuren kundi. A daren 29 ga Disamba 1972, jirgin saman Eastern Air Lines mai lamba 401 yana shirin sauka a Miyami sai wata ƴar fitilar da ke nuna fitowar tayar gaba ta ƙi kamawa. Matuƙan suka duƙufa a kanta, jirgin yana ta yin ƙasa sannu a hankali, ƙararrawar gargaɗi ta buga ba wanda ya kula, har ya faɗa cikin fadamar Fulorida. Mutum 101 suka rasu, kuma ƙwan fitilar ne kawai ya ƙone. A Boston kuma, a 1995, wani ɗan sanda mai suna Kenny Conley yana bin wanda ake zargi a guje ya wuce ta kusa da inda wasu ƴan sanda ke dukan abokin aikinsu Michael Cox, wanda suka ɗauka mai laifi ne saboda yana cikin farin kaya. Conley ya ce bai ga dukan ba. Kotu ta ce ba zai yiwu ba, ta same shi da laifin shaidar zur, ta yanke masa wata 34, kafin daga baya a soke hukuncin. A 2011 Chabris da abokan aikinsa suka kwaikwayi yanayin: mutum yana bin wani a guje yana ƙirga sau nawa ya taɓa kansa, a gefen hanya kuma an shirya faɗan ƙarya. Da dare kashi 35 cikin ɗari ne suka lura da faɗan, da rana kashi 56. Gwajin bai tabbatar da gaskiyar Conley ba, amma ya rushe hujjar cewa duk wanda ya wuce kusa dole ya gani. Game da wayar salula kuma, Ira Hyman ya nuna a 2010 cewa cikin masu tafiya a ƙasa suna waya, ɗaya cikin huɗu ne kawai ya lura da ɗan barkwanci a kan keke mai taya ɗaya a dandalin jami'a. Ɗan kabu-kabun da ya maƙale waya a kunne yana rantsuwa cewa idonsa na kan hanya yana iya zama mai gaskiya, kuma gaskiyar tasa ba za ta ceci yaron da ya tsallako ba.

Akwai masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. Jeremy Wolfe ya kawo a 1999 cewa mai yiwuwa mutum ya ga abin na ɗan lokaci, ya manta kafin a tambaye shi, ke nan mantuwa ce ta rashin lura. Muhawarar tana da muhimmanci ga masu nazarin ƙwaƙwalwa, amma ga mai rubuta magana sakamakon ɗaya ne, domin ko bai ji ba ko ya ji ya manta, "sunka" ba ta shiga takarda ba. Suka ta biyu ita ce akasarin waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a kan mutanen Amurka da Turai, musamman ɗaliban jami'a, matsalar da Joseph Henrich da abokan aikinsa suka yi wa fagen halayyar ɗan Adam gaba ɗaya tuni da ita a 2010. Wannan gaskiya ne, kuma yana nufin kada a ɗauko alƙalumansu a liƙa wa manomin Madarumfa ko makiyayin Abalak kamar an auna su. Suka ta uku ita ce a kan tarbiyya: idan aka koya wa ɗalibi cewa rashin lura halitta ne, ba a ba malalaci mafaka ba? Amsar ita ce sanin iyakar hankali yana ƙara wa mutum nauyi. Wanda bai san kunnensa na tsallake abu ba yana da uzuri in ya tafi fili ba rikoda. Wanda ya sani ya tafi haka, ya yi sakaci.

Kada kuma a zaci sanin labarin goggon biri rigakafi ne. A 2010 Simons ya sake shirya bidiyon. Waɗanda suka san labarin sun ga goggon, amma yawancinsu ba su lura labulen baya ya sauya launi ba, ba su kuma lura ɗaya daga cikin ƴan wasan ya fice ba. Sun zo neman abin mamakin da suka sani, sai sabon ya wuce su. Duk da haka, a wani binciken jin ra'ayi da Simons da Chabris suka wallafa a 2011, fiye da kashi uku cikin huɗu na Amurkawan da aka tambaya sun yarda cewa mutum yakan lura da abin ba-zata ko da hankalinsa na wani wuri. Haɗarin ya fi yawa a wannan yarda da kai, domin mutum yana tuna duk lokacin da ya lura da abu, amma lokutan da abu ya wuce shi ba su bar masa wata alama ba. Shi ya sa nasihar "ka mai da hankali" ba ta wadatar ba. Mai ƙirga ƙwallo ya mai da hankali iyakar iyawarsa, kuma mai da hankalin ne ya ɓoye masa goggon.

Maganin yana cikin tsarin aiki, kuma ba ya buƙatar kuɗi masu yawa. Ya kamata kowane sashe ya wajabta naɗar murya ga duk binciken fili, ya kuma karɓi naɗin tare da kundi, yadda mai duba aiki zai iya komawa ga asali. Wayar da ke aljihun kusan kowane ɗalibi ta isa wannan. Ya kamata a koyar da sauraren naɗi zagaye-zagaye, kowane zagaye da tambayarsa guda: ɗaya don ma'ana, ɗaya don baƙaƙe da wasula, ɗaya don karin sauti da tsawo, ɗaya don kalmomin aro da tsalle daga Hausa zuwa Faransanci ko Zabarmanci ko Tamashek. A ƙarshe a ƙara zagaye guda da ba a neman komai a cikinsa, domin a gwaje-gwajen da aka ambata, mutane sukan ga abin ba-zata ne idan aka sauke musu aikin ƙirga. Ya dace kuma mutum biyu su rubuta wani yanki na naɗin kowa shi kaɗai, sannan a gwama, kuma zai fi kyau ɗayansu ya kasance ɗan yankin da aka yi naɗin. Wuraren da suka saɓa su ne suka fi cancantar a sake saurare. Wajen gyaran rubutu ma haka: karatun ma'ana daban, karatun ƙugiyoyin ɓ da ɗ da ƙ da ƴ daban. Malami kuma, idan ya ga irin wannan kuskure a aikin ɗalibi, ya fara tambayar hanyar da aka bi kafin ya yanke hukuncin lalaci, ya kuma yarda a bi nasa rubutun da irin wannan ma'auni.

Akwai kuma aikin bincike da ke jiran masu shi. Gwajin Healy da na Cherry ba su buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. Takarda da lasifikar kunne da ajin ɗalibai sun isa. Ana iya auna ko mai karatun Hausa yana tsallake harafi a cikin "da" da "na" da "ta" fiye da cikin suna da aikatau. Ana iya auna ko mai saurare yana farga idan magana ta tashi daga Hausar Damagaram ta koma ta Tawa a kunnen da ba ya bi, ko kuwa idan an sauya karin sautin kalma an bar baƙaƙe da wasulanta. Harshe mai karin sauti da tsawon wasali yana ba da damar tambayoyin da Ingilishi ba zai iya bayarwa ba, kuma amsoshinsu za su amfani fagen baki ɗaya. Ɗaliban da ke neman batun kundin kammala karatu a bana suna da masu harshen a ƙofar gida, suna da karin harshe iri-iri a cikin aji guda, abin da ya rage shi ne malamin da zai amince ya jagoranci aikin.